Layin da Tuuli Ta Goge

Ƙarfe uku na yamma duhun hunturu ya fara sauka a Kajaani, wani gari can arewacin duniya, dutsen farko ya faɗo a tsakar falo. Raili ta ɗauka, ta ji shi da ɗumi. Dutsen murhun sauna ne, ɗakin gumin da ke bayan gida. Ta ajiye shi a kan tebur ta ci gaba da feraye dankali. Tun da aka binne mijinta Veikko babu abin da ke girgiza ta.

Veikko ya bar wata tsohuwar kwamfuta mai tsarin Linux da ke kula da ɗumin gidan. Ranar Asabar da ta wuce 'yarsu Tuuli ta sabunta ta. Na'urar ta tambaya ko a bar tsohon fayil ɗin saiti ko a ɗora sabo. Tuuli ta ɗora sabo, ko leƙa tsohon ba ta yi ba.

Kwana uku duwatsu na faɗowa. A na huɗu Tuuli ta daina cin abinci, ta zauna a ƙofar sauna tana karkarwa, tana cewa sanyi da wata murya wadda ba tata ba.

Aka kira Orvokki, tsohuwar da ta shekara talatin tana jinyar na'urori, wadda ta san wasu abubuwan ma ban da na'ura. Ta tono tsohon fayil, ta jera shi kusa da sabon, tana bi layi-layi.

"Mayar da tsohon duka," in ji muryar daga bakin Tuuli.

Orvokki ta ce ba zai yiwu ba. Sabon tsarin ba ya jin rabin tsohon, gidan zai daskare da yarinyar a ciki. "Layi ɗaya zan ɗauko maka. Zaɓi, ka sakar wa Raili 'yarta."

Yatsan Tuuli ya miƙe ya nuna. Layin na cewa murhun sauna ya ƙara minti goma sha biyar yana ci bayan kowa ya fita. A samansa Veikko ya rubuta: na wanda ya riga mu zama a nan.

Raili ta san mintunan nan. Veikko kan tsaya a sauna har su ƙare, shekara ashirin tana yi masa mita a kansu, tana cewa gudun wanke-wanke yake yi.

"Yakan zauna da ni," in ji muryar. "Ba ya cewa komai. Ina ya tafi?"

Raili ta ce, "Ya mutu tun watan Yuni."

Orvokki ta kwafo layin ta saka a sabon fayil. Tuuli ta sulale ƙasa, ta farka tana tambayar ko akwai sauran miya.

Asabar ta zagayo. Uwa da 'ya suka shiga sauna, Tuuli ta yi wanka ta fita. Raili ta kai ƙofa, ta tsaya, ta dawo ta zauna. Murhu na ci. Katakon benci ya yi ƙara a gefenta kamar an zauna, ta matsa kaɗan ta ba da wuri.