Rokar Baba Thongdi

A jajibirin bikin rokoki Wirot ya fara ganin Lamyai, tana rawa a gaban motar da ta ɗauko rokar mahaifinta. Shi malamin makaranta ne, sabon zuwa ƙauyen daga Bangkok. Ya saki baki har ƙanƙarar shayinsa ta narke.

"Malam, ka tare mana hanya," ta ce tana dariya. "Ko rawar za ka shiga?"

Kafin shekara ta zagayo, soyayya ta yi nisa. Sai dai mahaifinta, Baba Thongdi, wanda ya shekara talatin yana haɗa wa ƙauyen roka, ya ƙi.

"Ɗan birni baƙo ne. Ranar da aka canza masa wurin aiki, ya tafi min da 'ya."

Ana gobe harbin rokokin bana saƙonta ya shigo wayarsa: "Yayana, Baba ya ce daga bikin nan kada ka sake tako gidanmu. Ko abinci na kasa ci."

Ya mayar: "Ki ci, tsuntsuwata. Gobe ina filin."

Da hantsi rokoki suka dinga tashi suna roƙo wa gonaki ruwa. Ƙa'ida kuwa ɗaya ce: wanda tasa ta ƙi tashi, taɓo ake jefa shi, ko da furfurarsa. Aka kunna ta Baba Thongdi. Ta yi tari, ta tuɗo hayaƙi, ta mutu a kan tsanin harbi.

Samari suka yo kansa da shewa. Lamyai ta damƙi hannun Wirot.

"Ciwon bayansa, Yaya. Wata biyu da yi masa tiyata, ya ɓoye wa kowa."

Wirot ya sha gabansu. "Ku bar tsoho. Ni na ɗura albarushin."

Bai taɓa ko shinshina albarushi ba. Suka yi sama da shi, da farar rigarsa, sai cikin taɓo.

"Malam, darasi nawa ke nan?" wani ya tsokane shi, suka ƙara maka shi.

Da suka watse, Baba Thongdi ya dogaro bakin ramin taɓon.

"Ƙarya ka shara a gaban gari."

"Na yi, Baba."

"To yanzu kowa ya ɗauka abokin aikina ne kai. Dole ka zauna ka koya, kada ka kunyata ni baɗi." Ya kau da kai. "Je ka wanke, ka turo min manyanka."

Bayan girbin shinkafa aka yi auren. Tsofaffi suka jeru suna ɗaura musu farin zaren sa albarka a wuyan hannu. Baba Thongdi ne na ƙarshe.

"Ku tsufa tare cikin sanyin rai," ya ce. "Rumbunku kada ya san yunwa."