Wa Zai Zauna a Teburin Umma?

"Ni dai na gama magana, Yaya, wannan manhajar ita ce ta zamani!" Auta ta faɗa tana juyo da laftof wajen yayanta, saura kaɗan ta ture kofin shayinsa. "Dubi kalarta kawai! Kwastoma zai shiga da wayarsa, ya zaɓi rana, ya zaɓi lokaci, shi ke nan an gama buking. Ba sai wani ya zauna a tebur yana ta rubuce-rubuce ba."

Yayan nata, wanda ake kira Mai Hoto, ya gyara zama a kujerar falo yana gyaɗa kai. Matarsa, wadda sunan Amarya ya manne mata tun ranar da ta shigo gidan, tana zaune kan kafet tana ninke wanki. Jin maganar Auta ta ƙarshe sai ta dakata da ninkin. Ta saci kallon ɗakin surukarta Umma, ta ga labulen ya ɗan motsa.

Shagon hoton da Mai Hoto ke riƙe da shi marigayi mahaifinsu ne ya buɗe shi, kuma tun farkonsa Umma ce ke zama a teburin bakin ƙofa. Ita ke tarbar mutane, ita ke ba kowa ranarsa da lokacinsa. Abin da ya tayar da maganar manhaja kuwa, ranar Asabar ɗin da ta wuce ne. Iyali biyu aka ba lokaci ɗaya. Na farko suna ciki ana gyara musu fitilu, sai ga na biyu sun iso da dattijon mahaifinsu a keken marasa lafiya, 'ya'yansa sun taru daga nesa don a ɗauke su tare da shi. Suka yi ta jira har tsohon ya galabaita, suka juya da shi rai a ɓace. Da Mai Hoto ya fito yana huci, yana tambayar wa ya yi wannan ɗanyen aiki, Amarya, da ke taya su aiki a shagon, ita ce ta yi wuf ta ce, "Ni ce. Ka yi haƙuri, kuskurena ne."

Ba ita ba ce. Umma ce ta ɗora sabon suna a kan layin da aka riga aka cike, domin ba ta gan shi ba. Amarya ta daɗe da lura. Ta sha ganin Umma tana zuba shayi a gefen kofi, ta sha ganin ba ta gane tsohon kwastoma sai ya yi magana. Wata rana da suke su biyu ta ce mata a hankali, "Umma, ko za mu je a duba miki ido?" Umma ta damƙi hannunta da ƙarfin da ba ta taɓa zato ba.

"Idona garau yake! Ranar da kika kai wa ɗana wannan magana, ban yafe miki ba. So kike a ajiye ni a ɗaki kamar tsohuwar kujera?"

Tun daga ranar bakin Amarya ya ɗinke.

"Ke ba ki ce komai ba," Mai Hoto ya katse mata tunani.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Yallaɓai, ni dai da za a bi ta tawa, waccan ɗaya manhajar da ke ƙasan ta Auta za a ɗauka. Na gwada ta. Ba ta da ado, amma rubutunta manya ne, tana karanta sunan mai zuwa da murya, ba ta yarda a ba mutum biyu lokaci ɗaya. Ko netwok ya ɗauke tana aiki. Kuma duk wanda ya nemi lokaci, sai wanda ke tebur ya danna ya amince masa."

Auta ta tuntsire da dariya. "Haba Anti! Filis, kada ki ba mu kunya. Wannan ai kamar rediyon kaka take!"

"Tana yi mana abin da muke buƙata, Auta."

"Ke ce za ki faɗa mana abin da muke buƙata?"

Muryar Umma ce daga bakin ƙofa. Ta fito tana dafa bango, fuskar nan babu alamar wasa. "Ke kika yi ɓarnar Asabar, amma ni za a hukunta. An samo na'ura mai surutu za a ɗora a kujerata! Tun kafin a haife ki nake kan teburin nan, yarinya."

"Umma, wallahi ba haka nake nufi ba..."

"Rufe mini baki! Kai kuma," ta juya wajen ɗanta, "in har ni na haife ka, kada ƙafar yarinyar nan ta sake taka shagon ubanka. Ka ɗauki ta Auta, ita dai jinina ce, ba za ta cuce ni ba."

Amarya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan wankin da ta ninke. Umma ba ta ma fahimci cewa ta Auta ce mai raba ta da teburin ba.

Da suka shiga ɗaki, Mai Hoto ya tura ƙofa ya tsaya a kanta.

"Me ya sa kika nace? Manhaja ce fa kawai! Ki bar musu mana a zauna lafiya."

"Akwai dalili."

"To faɗa mini."

Ta ɗago ta dube shi. Wannan shi ne mutumin da ya yi ta zarya ƙofar gidansu har iyayenta suka gaji suka ba shi ita, wanda bai taɓa ɓoye mata ko abin da ya yi mafarki ba. Maganar ta zo mata har maƙogwaro, sai ta ji kamar hannun Umma na nan a wuyan hannunta.

"Ba zan iya ba. Ka yarda da ni kawai."

"In yarda da ke, ke kuma ba ki yarda da ni ba?" Ya yi murmushin takaici. "Shi ke nan. Ki zauna a gida har sai na neme ki."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Amarya tsawo. Mai Hoto ya daina tsokanarta, ya daina kiranta da rana ya ce ya yi kewar muryarta. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Auta kuwa ta saka manhajarta a wata babbar waya da aka ajiye kan teburin shago, tana ta yi wa ƙawayenta bayani kamar ita ta ƙirƙire ta. Umma kullum takan dawo a gajiye, ta shige ɗaki ba ta ko taɓa abinci.

Yayar Amarya ta kira ta a waya, da ta ji labari sai ta hau faɗa. "Ke wace irin sakarya ce? Aurenki zai mutu a kan sirrin tsohuwar da ba ta ƙaunarki! Ki faɗa masa yau, ko ki tattaro kayanki ki taho."

"Yaya, ba ƙina take ba. Tsoro take ji."

"Ke kuma ba ki jin tsoro?"

"Ina ji," Amarya ta amsa. "Amma idan na tona ta, ya ji daga bakina, ta gama kallon kanta da daraja a gidan nan."

Ta kashe wayar ta yi kuka mai isarta. A ranar har ta buɗe akwatinta, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta rufe ta tura shi ƙarƙashin gado.

Wata safiya tana shara sai wayarta ta yi ƙara. Lambar shago ce. Ta ɗauka, ta ji hayaniyar mutane, sannan wata murya ƙasa-ƙasa.

"Amarya... ki zo."

"Umma? Lafiya?"

"Auta na makaranta, shi kuma ya tafi ɗaukar hoto wani ofis. Ki zo, 'yata."

Ba ta taɓa kiranta da wannan suna ba. Amarya ta kira mijinta don ta nemi izini, wayar ta yi ta ruri ba a ɗauka ba. Ta tura masa saƙo cewa Umma na kiranta ta tafi shago, ta zari mayafi ta fita da gudu-gudu.

Shagon ya cika maƙil. Manhajar Auta ta karɓi kowa da kowa ba tare da ta jira amincewar wani ba, ta jera su kusa da kusa, har da lokacin da Mai Hoto ba ya nan, domin ba wanda ya tuna ya rufe wannan safiyar a cikin manhajar. Ga masu hoton fasfo, ga wata mata da tagwayenta suna ta tsala ihu, ga wasu ma'aikata cikin kwat suna duba agogo. Umma na zaune ta riƙe babbar wayar dab da hancinta. Wani mutum mai ƙaton tumbi ya dafa teburin yana ɗaga murya.

"Baba, sunana na nan a rubuce! Ki karanta mana! Ko ba ki iya karatu ba ne?"

"Malam, ka sassauta murya, uwa ce," Amarya ta faɗa tana ratsowa. Ta tsaya a bayan kujerar Umma, ta sunkuya kamar mai gyara mata mayafi, ta raɗa mata sunan farko a kunne. Umma ta ɗaga kai ta kira sunan da muryarta ta da, mai cika ɗaki. Haka suka yi ta yi, Amarya na raɗawa, Umma na kira, tana ba wannan haƙuri, tana sauya wa wancan rana, tana yi wa tagwayen wasa har suka yi shiru. Masu fasfo kuwa Amarya ta shiga da su ciki ta ɗauke su da ƙaramar kamara.

Ana cikin haka Mai Hoto ya shigo, jakar kamara a kafaɗa, gumi na keto masa. Bai duba wayarsa ba, don haka da ya ga matarsa sai ransa ya ɓaci. Ya daure har mutum na ƙarshe ya fita, sannan ya juyo.

"Ban ce ki zauna a gida ba? Maganata ce ba ta da daraja, ko ta Umma?"

Amarya ta ci gaba da gyara kujerun kwastomomi.

"Da ke nake magana!"

"Ni na kira ta," in ji Umma.

Umma ta miƙe tana laluben gefen teburin. "Zo nan, tsaya gabana." Ya matso. Ta ɗaga hannu ta shafa fuskarsa, sai hawaye suka ɓalle mata. "Ka ga yadda kake kusan nan? Wallahi inuwarka kawai nake gani, kamar ta cikin hayaƙi. Na daɗe a haka. Ranar Asabar ɗin nan ni na yi kuskure, ba ita ba. Ta sani tun tuni, ni na ɗaure ta da rashin yafiya. Na ci mutuncinta a gabanku, na raba ta da kai, ta haɗiye duka ba ta tona ni ba."

Jakar kamarar ta zame daga kafaɗarsa. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi matarsa.

"Umma... me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Tsoro nake ka ce in zauna a gida. Teburin nan shi ya rage mini na mahaifinku."

"Shi ya sa na zaɓi waccan," Amarya ta ce a hankali. "Da ita, Umma za ta ji sunan kowa da kunnenta, kuma ba wanda zai samu lokaci sai ta amince. Teburin nata ne."

Mai Hoto ya durƙusa a gabanta, a nan tsakiyar shago, bai damu da masu wucewa ba. "Ki yafe mini. Kin ce in yarda da ke, na kasa."

"Tashi, Yallaɓai, kada kwastoma ya shigo ya ɗauke ka hoto," ta faɗa tana dariya cikin kuka. Umma ta jawo ta jikinta ta rungume, tana ta sa mata albarka.

Auta da ta dawo ta ji abin da ya faru, sai ta yi tsuru-tsuru. Ta raɓe a bakin ƙofar kicin tana murza yatsu. "Anti, sori. Ni kala kawai na duba, ban duba wa zai yi aiki da ita ba." Da hannunta ta goge manhajarta, ta zauna kusa da Amarya suka saka ɗayar, suka ƙara girman rubutun, suka koya wa Umma inda za ta danna.

Likitan ido da ya duba Umma ya ce yanar ido ce ta rufe mata gani, kuma aiki zai iya gyara ta. Aka yi aikin lafiya. Ranar da aka cire mata bandeji, Mai Hoto da Auta suna ta rige-rigen tsayawa gabanta, amma ta ɗaga musu hannu.

"Ku matsa. Ina 'yata? Ita nake son fara gani."

Ta daɗe tana kallon Amarya, sannan ta juya ga ɗanta ta ce, "Ashe haka ka iya zaɓe. Ka riƙe ta da kyau, in ka sake sa ta kuka ni da kai ne."

Haka Amarya ta ci ribar haƙurinta. Wanda ya rufa asirin babba, ya daure wa zargi alhali yana da gaskiya, Allah ba ya barinsa ya taɓe. Miji kuma kada ya yi saurin yanke wa matarsa hukunci don ta yi shiru, domin wani shirun ƙauna ce ta haife shi. Kuma duk abin da za a kawo cikin gida ko wurin sana'a, komai sabuntarsa, a fara duba mutanen da za su rayu da shi.