Askin Kili

Ranar da Mannir ya fara ganin Raudatu, tana durƙushe gefen dokin babansa, tana aske masa gashin ƙirji da reza. Kili sunan dokin, shi ke juya injin matse rake a gonarsu ta Gozaki, inda suke dafa mazarƙwaila. Kwanan nan da ya ɗan zagaya sai ya tsaya yana haki, har masu sayen dawakan yanka sun fara leƙowa.

Raudatu likitar dabbobi ce daga Malumfashi. Ta ɗora na'urar hoto, irin wadda ake duba masu ciki da ita, a wurin da ta aske. Sai ga zuciyar Kili a allo.

"Matso ka gani," ta ce. "Zuciyar ba ta kumbura ba, ƙofofinta lafiya lau. Bugun ne ya rikice. Da magani da hutun wata biyu zai tashi, in sha Allahu."

Mannir ya matso, amma wallahi ba allon yake kallo ba.

Ana haka babansa, Alhaji Maiwada, ya iso. Da ya ga tabon aski, ransa ya ɓaci.

"Wa ya yi wa dokina ƙwal? Hutu kuma, ana tsakiyar rake? In bai iya aiki ba, a sayar."

"Baba, ni zan juya injin," in ji Mannir.

Haka kuwa aka yi. Kullum ya sa ƙirji ya tura sandar injin, Kili na inuwa yana cin harawa abinsa. Da yamma saƙon Raudatu ya shigo wayarsa:

"Dokina na biyu, ya kafaɗa?"

"Likitata, kafaɗa ta mutu. In kin zo duba Kili, ki duba ni."

Da ya kai wa Alhaji maganar aurenta, amsa ɗaya ya samu: "Mai aske dawaki? A'a." Mannir bai yi musu ba, ya koma kan injinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan wata biyu cif Raudatu ta dawo da na'urarta. Gashin ya tsiro, ta tsaya tana jin nauyin taɓa shi a gaban dattijon. Alhaji ya dubi dokinsa da ya murmure, ya dubi kantar da ta fito a hannun ɗansa. Sai ya zaro reza daga aljihu.

"Ungo, 'yata. Aske, ki nuna mini."

A allo bugun yana tafiya daidai, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta sunan unguwarsu.

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura auren. Alhaji da kansa ya aika wa amarya kwandon mazarƙwailar farko da Kili ya matse bayan ya warke, ya ce a gaya mata Allah Ya yi mata albarka.