Furen da Ya Kwana a Kantin Magani

A lungun bayan gidan sayar da shuke-shuke, inda ake jera waɗanda suka yi yaushi a karya musu farashi, nan ya fara ganinta. Tana tsugune, tana kankare bawon wani fure da farce.

"Malama, wannan ai ya mutu."

"Kai ke sayarwa ba ka san kayanka ba? Duba, cikinsa kore ne."

Tela ce, shagonta yana bayan kwana. Tun daga ranar yake ware mata raunanan, ya datse busassun rassa da almakashinsa mai giɓi, wanda ke barin 'yar tsaga a kowane yanka. Tana ce masa Mai Lambu, yana ce mata Likita. Cikin wata uku barandar gidansu ta yi kore shar.

Umma, mahaifiyarta, dai ba ta yi murna ba. "Mutumin da kyautarsa matattun itatuwa? Ga mai kantin magani kullum yana aiko gaisuwa."

Wata Talata mura ta kai Mai Lambu kantin nan. A kan teburin kantin ya ga furen da ya fara ware mata, ya gane yankan hannunsa.

"Daga gidan su tela aka kawo min," in ji mai kantin, yana gyara agogo.

Ya fita ko maganin bai karɓa ba. Kwana tara bai ware komai ba, sai ga saƙonta:

"Mai Lambu, lafiya? Lunguna wayam."

"Na ga majinyacinki ya samu babban asibiti. Allah ya sanya alheri."

"Wane asibiti?"

"Mai gilashi da fanka."

Sai ta gane kantin maganin yake nufi. Da ma Umma ce mata ta yi iska ta kayar da tukunyar furen ta fashe. Ta ajiye ɗinkin, ta tafi kantin ta ɗauko abinta, ta dire shi gaban Mai Lambu. Ganyen duk ya yi rawaya. Safe da yamma mai kantin ke ɗura masa ruwa.

"Umma ce ta ba shi, ban sani ba. Kishi ya hana ka tambaya?"

Ya sunkuyar da kai. Ya zare furen, ya shinshina saiwar, ya yanke inda ya ruɓe. "Kwana goma kada a ba shi ruwa."

"Kai ma haka. Ba za ka ji muryata ba sai ya yi toho."

Ta mayar da furen gida. Kullum da safe sai ya zo barandar, ya tura yatsa cikin ƙasar, ya kalli ƙofa, ya tafi. Umma tana bayan labule. A rana ta goma sha biyu tohon ya fito, ƙarami kamar kan allura, ya tsaya a kansa ya kasa tafiya.

Umma ta ɗaga labulen. "Kai, na gaji da ganin ƙeyarka. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure mai kantin ya zo taya murna. Ango ya yi masa godiya sosai, ya raka shi har bakin titi, ya tsaya sai da motarsa ta sha kwana.

Umma ta riƙe hannun 'yarta. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. In kin ga ya yi shiru, tambaye shi tun ranar farko. Wannan sai ya kumbura yake magana."

"Amin, Umma," in ji ango daga bakin ƙofa.