Jan Marfi Kafin Shunayya

Kwana arba'in da rasuwar Faruk, Mahbuba uwarshi tana kwashe tuwo da magariba a gidansu na Goronyo, sai tsakuwa ta faɗo bisa kwano. Ta biyu ta faɗo cikin miya. Babu kowa bayan katanga.

Ta leƙa ɗaki, ta iske ƙanwarta Adawiyya, wadda ke ɗibar jini a asibiti, durƙushe tana jera marafan kwalaben ɗibar jini: shuɗi, ja, kore, shunayya. In ta kai ƙarshe sai ta watsar, ta sake.

"Adawiyya, mi kike yi?"

Ta ɗago kai. Idanun nan ba nata ba ne.

Haka anka yi mako guda. Kowace magariba jifa, kowace magariba jeri. Ba ci, ba magana. Mahbuba ta binne ɗa, ga ƙanwa tana zubewa gabanta. Ita ta goye ta tun rasuwar innarsu. Sai ta aika garin Rara anka ɗauko Malam Almustapha.

Malam ya yi ta karatu har muryarshi ta dushe. Can Adawiyya ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

"Bar ƙona ni, Malam. Gindin tsamiyar bakin gulbin Rima nike. Kullum yaron nan Faruk na aje min ɗanwake, shi a zatonshi tsuntsaye ka ci. Yanzu babu mai zuwa."

"To mi yarinyag ga tay yi miki?"

"Rad da anka kai shi da zawo, ita tad ɗebi jininshi. Ta ruɗe, ɗan yayarta ne. Sai taf fara cika kwalba mai marfi shunayya kafin mai jan marfi. Ita shunayyar akwai gishirin hana jini daskarewa cikinta, ya bi allura ya shiga ta gaba. Takardar gwaji tac ce gishirin jikinshi ya cika, alhali zawo ya wanke shi. Likita ya bi takarda, bai ƙara mishi ba. Ta gane daga baya, tay yi shiru."

Mahbuba ta dubi ƙanwarta. Ita da ta yi ta kuka kan kafaɗar nan.

"Kwana da ajali na Allah ne," in ji Malam. "Fita."

"Zan fita. Amma ta faɗi da bakinta, ga uwar, ga likita. Akwai 'ya'yan wasu."

Malam ya karɓa. Adawiyya ta yi atishawa uku, ta zube. Da ta farfaɗo ba ta tambayi mi ya faru ba.

"Yaya, gaskiya ne. Ni ce."

Mahbuba ba ta ce ta yafe ba, ba kuma zan yi muku ƙarya in ce ta ce ba. Ta dai tashi, ta ɗumama tuwo, ta aje gabanta.

"Ci. Gobe tare za mu wurin likita."

Sauran tuwon ta kai gindin tsamiya.