Tsohuwar da Ta Nuna Musu Mujiyoyi

Ku matso kusa. Hajo, ke ma zauna, ki daina leƙen ƙofa. Wannan daga bakin Malam Sallau na ji shi.

Malamin firamare ne a garinmu. Yana so ya koya wa 'yan ajinsa yadda mujiya take rayuwa, ko sa daina jifanta. Ran nan gab da magariba ya nufi kufai tare da abokinsa Barau. Bai san Barau ya soko danƙon harbi a aljihu ba. Wani boka ne ya aiki Barau neman idon mujiya.

A gindin kuka suka tarar da wata tsohuwa a tsugune, zani ya rufe mata ƙafafu.

"Sannu, Iya," in ji Sallau. "Mujiya muka zo gani."

"Ku biyo ni, 'ya'yan nan."

Muryarta kamar daga cikin tulu. Tana taka busasshen ganye, amma ko motsi ba a ji.

Ta nuna wani reshe. "Wancan babban, duji ne. Farar can kuwa, ita ke kame muku ɓerayen rumbu. Idonsu ba ya juyawa, sai wuya."

Sallau na cikin kallo, sai ƙau! Farar ta faɗo, fiffike a karye, ƙirji duk jini. Barau ya danne ta da gwiwa, ya zaro wuƙa.

Tsohuwar ba ta juyo ba. Kanta kaɗai ya juyo, fuska ta koma ƙeya.

"'Yata ce."

Zanin ya zame. Ba ƙafafu ba ne a ƙasa, farata ne, baƙaƙe, zaƙo-zaƙo. Tsalle ɗaya ta dira a ƙirjin Barau. Sallau ya ji ƙashi ya karye. Ta kafa masa farata a fuska, ta fizga. Barau ya kurma ihu, jini ya fantsamo har rigar Sallau.

Sallau ya kasa gudu. Ya ɗauki farar mujiyar, ya sa ta cikin hularsa, ya miƙa wa tsohuwar da hannu bibbiyu.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗauki abokinka. Kada ka waiwayo."

A kafaɗa ya kawo shi gida. Barau ya rayu, amma idanunsa suna can.

Saboda haka in rana ta yi ja, kada in ji ɗayanku ya bi hanyar kufai shi kaɗai.