Bindigar Da Dragan Bai Zana Ba

Ranar da Dragan ya fara ganin Nevena, gawa take ja daga bakin rafi. Mamacin sojan Rasha ne, harsashin igwa ya raba shi da ƙafa ɗaya. Shekarar da aka kewaye garin Plevna ce, a yaƙin Rasha da Sarkin Santambul. Dragan mai zanen yaƙi ne na wata jaridar Viyana, yana tsugune da gawayin zanensa. Ta daka masa tsawa.

"Kai mai gawayi! Zane za ka yi ko kama masa hannu?"

Ya ajiye takarda ya kama. Tun daga nan ya zama kullum yana gidan niƙan ubanta, Stoyko.

Tsohon bai ɓoye ba. "Mai bin gawa kamar ungulu? 'Yata ba ta aurensa."

Dragan ya zana shi tsaye da buhun gari, ko zai huce, ya haɗa da sauran zanen ya aika. To, can Viyana masu sassaƙa zane a katako kafin a buga, su ke gyara abin da suka ga bai burge ba. Suka cire buhu suka ɗora bindiga. Gavril, wakilin jaridar, wanda shi ma Nevena yake so, ya rubuta sunan tsohon da ƙauyensu a ƙasa. Shi ya fara kawo jaridar gidan.

Nevena ta buga wa Dragan ita a ƙirji. "Ka sayar da ubana!"

"Tantabarata, wallahi buhu na zana."

"Kar ka ƙara ce mini tantabara."

Jarida ba ta san iyakar fagen daga ba. Wata rana da hantsi mayaƙan haya na Sarkin Santambul suka shigo ƙauyen, Gavril tuni ya haye doki ya gudu. Suka cinna wa rumbu wuta, suka yanka alfadarin gidan niƙan, suka kifa Stoyko a kan dutsen niƙa. Jini na bin gemunsa. Shugabansu ya zare takobi, jaridar na ɗaya hannun.

Dragan ya fito daga bayan katanga.

"Ni na yi hoton. Tsohon nan bai taɓa riƙe ko bindigar harbin zomo ba."

"Ƙarya ka zana ke nan?"

Wa zai tsaya yi masa bayanin Viyana? "Ƙarya na zana."

"Da wane hannu?"

Ya shimfiɗa na dama a kan dutsen, kusa da kan Stoyko. Sara ɗaya aka yi. Yatsun suka faɗa cikin gari. Mutanen suka yi dariya, suka kwashe buhuna suka tafi.

Nevena ta yage ɗankwalinta ta ɗaure masa hannun. Dragan ya ce, "Har yanzu kina fushi?"

"Rufe baki, sakarai. Rufe baki, masoyina."

Stoyko ya tofar da haƙori. "Ka iya ɗaukar buhu da hagu?"

"Zan koya, Baba."

Bayan faɗuwar Plevna aka ɗaura aure, cocin ko rufi babu. Limamin ya ɗauko zobe ya nemi hannun daman ango kamar yadda aka saba, sai ya tsaya. Nevena ta miƙa nata.

"Sa duka biyun a nan. Ni zan riƙe masa."

Stoyko ya dafa kawunansu. "Allah ya ba ku 'ya'ya da zaman lafiya. Kada jikana ko ɗaya ya ga abin da za a sa a jarida."